Shaidar Shu'ibu

Zuwa na huɗu ke nan da Malam Bunu ya yi ɗakin shan maganin nan na bayan tashar Haɗeja, yau ma bencin ƙofa aka nuna masa. Tun ƙarfe takwas yake zaune da takardar koke a kan cinya, shafi uku, babu kuskure ko ɗaya. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyarwa, goma sha biyu a cikinsu yana hedimasta. Bai saba jira ba. Ƙafafunsa ma ciwo suke, don doguwar hanya ya zagayo, bai ratso ta layin masu kemis ba.

Wata ƙungiya ce ta gina wurin, kwamiti ke tafiyar da shi. A watan jiya kwamitin ya sallami Shu'ibu Auta daga aiki. Dalilin layi ɗaya ne: ba shi da shaida.

Shu'ibu ba likita ba ne. Masunci ne da ya yi shekara tara yana shan ƙwaya, biyu a ɗaure cikin mari. Da ya samu kansa sai aka ɗauke shi aiki. In wani ya sha ya fita hayyacinsa, a gona ko a tasha, shi ake kira. Ba ya zuwa da igiya. Ba ya kuma rubuta suna, don ya ce wanda aka rubuta sunansa ba ya sake dawowa. Haka rajistarsa ta shekara huɗu fara fat, kwamiti ya buɗe ya ga babu aiki.

Sai dab da azahar Sista Dibora, nas mai kula da wurin, ta kira Malam Bunu ciki. Wata uku ke nan da zuwanta garin, idanunta duk sun faɗa.

"Baba Malam, ka sake dawowa?"

"Na dawo, 'yata. An yi zalunci, ba a gyara ba."

Ya ajiye takardar. Sannan ya karanto mata abin da ke shafi na biyu, ba tare da ya duba ba.

A daminar bara, ta 1993, akwai wani dattijo da matarsa ta rasu, barci ya ƙaurace masa. Ya fara da ƙwaya ɗaya, ya kai takwas. Wata rana da hantsi ya hau mota zuwa wani ƙauye a gefen Auyo inda babu wanda ya san shi, ya tuɓe riga, ya shiga ruwan ambaliya yana amsa kiran da shi kaɗai ke ji. Manoma suka taru a bakin ruwa da igiyar shanu. Shu'ibu yana ƙauyen ranar. Ya cire takalmi, ya shiga har ƙirji, ya tsaya a gefensa, bai taɓa shi ba. Cewa kawai ya yi, "Baba, ni ma na taɓa tsayawa a nan. Sanyi ne kawai, babu komai a ciki." Suka kusa awa biyu a tsaye. Tare suka fito.

Tun daga nan kowace Alhamis Shu'ibu yana zuwa gidan mutumin kamar mai tallan kifi, su zauna. Yanzu Alhamis huɗu ke nan bai zo ba. An ce a tasha yake yini, kusa da abokansa na da. Mutumin kuma barci ya fara yi masa wuya.

Sista Dibora ta murza ido. "Baba, wannan labari ne. Kwamiti shaida yake so."

"Wace shaidar? Akwai ta takarda, akwai ta mutum. Wasiƙarku ta sallama ba ta fayyace ba. Da ɗalibina ne ya rubuta ta, da na mayar masa ya sake."

Ta yi 'yar dariyar gajiya. "To, a kawo ta mutum. Yau bayan la'asar za su yi zaman ƙarshe, sun ma samu wani mai satifiket daga Kano da zai maye gurbinsa. Mutum ɗaya kawai, ya tsaya a gabansu ya faɗi sunansa, ya ce Shu'ibu ne ya fito da ni. Ni kaina na nema, gida goma sha ɗaya na shiga. Kowa sai ya ce ai su ba a taɓa yi a gidansu ba. Ban ga laifinsu ba."

Malam Bunu ya san kwamitin. Mutum bakwai ne, huɗu shi ya koya musu karatu. Shugabansu a bayansa yake sallah duk ranar da liman ya yi tafiya. Kuma a garin nan, maganar da aka yi bayan la'asar kan shiga kowane zaure kafin magariba.

Ya nemi ruwa. Ta ba shi, ya shanye, ya daɗe yana kallon kofin.

"Zai zo," ya ce.

Sista ta gyara zama, ta jawo takarda da biro. "Ka tabbata? A ina yake, in tura masinja? Lokaci ya ƙure."

"Kada ki wahalar da masinja, 'yata." Ya gyara hularsa, ya miƙe tsaye kamar mai shirin kiran suna a aji. "Rubuta, kuma ki rubuta daidai: Bunu Fannami, hedimasta mai ritaya, yau wata goma sha ɗaya da kwana shida rabonsa da ƙwaya."