Titin da Ya Cinye Filin Shanya

Laure tana turara shinkafa ta sayar, a wani ƙauye tsakanin Birnin Kebbi da Argungu. Tun tana amarya, a filin bayan gari take shanya, ita da sauran mata.

Wata shekara mutanen ma'aikatar ayyuka suka zo daga Birni a kan maganar sabon titi. Aka yi musu shimfiɗa a ƙofar maigari, aka tara maza. Babban baƙin ya nuna inda titin zai bi, ta tsakiyar filin shanya, ya ce ko akwai mai magana. To a garin ba a musa wa baƙo a gabansa, balle baƙon gwamnati. Maza suka ce, "Madalla, Allah shi saka." Baƙi suka sha fura, suka koma ofis suka ce gari ya amince.

Laure ta ji komai daga bayan zana. Da mijinta Tamba ya shigo, ta tare shi.

"Malam, to mu ina za mu shanya?"

"Ke Laure, in tashi cikin manya in kawo zancen shinkafar mata? Mi za a ce da ni?"

Aka zuba kwalta, ba a ba matan wani fili ba, ba a sa abin rage gudu ba. Ko'ina fadama ce mai laima, sai mata suka koma shanya a bakin titi.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, Nazifa ɗiyar Laure tana durƙushe tana juya shinkafa. Babbar mota ta taho daga Augie da lodin albasa, direba ya kauce wa mai mashin, tayoyi suka hau shanya suka sulɓe. Motar ta bi ta kan Nazifa, ta ja ta. Laure ta rugo ba ɗankwali, ta iske jinin ɗiyarta ya jiƙa shinkafa. Da zane aka tattara ta.

Maza suka fizgo direba. Yana roƙo, "Ku dubi Allah, ni ma ina da ɗiya!" Tamba ne ya fara sara masa fartanya a ka. Sanduna suka biyo baya har ya daina motsi. Suka cinna wa motar wuta, gari ya cika da ƙaurin albasa da taya.

Kafin la'asar 'yan sanda sun tafi da Tamba. Aka sallaci Nazifa ba ubanta. Har yau yana gidan yari.

Da aka share makoki, mata suka koma bakin kwalta da buhunansu, har da Laure, don babu wani wuri.

Ku masu tsara hanyoyi, kada ku tsaya ga mutanen ƙofar maigari kawai, ku nemi waɗanda abincinsu yake wurin ku ji ta bakinsu. Mu kuma in an tambaye mu, mu ajiye kunya mu faɗi gaskiya tun ba a zuba kwalta ba.