Masu Karatun Farfesa

Kafin ya kurɓi shayin safe, Farfesa sai ya buɗe shafin laburaren jami'a na intanet ya duba mutum nawa suka karanta littafinsa a kan tarihin magudanan ruwa. Shekara takwas ke nan ba fashi. Adadin ya haura dubu saba'in, babu wani malami da ya kai ko kusa.

Kullum mutum ashirin da huɗu ke ƙaruwa, ana hutu ko ana jarrabawa. "Masu karatuna mutane ne masu tsari," haka yake gaya wa matarsa, wadda a shafi na uku na littafin barci ya kwashe ta. Bai taɓa haɗuwa da ko ɗayansu ba, amma ya san a ƙasashen waje suke.

Sai aka ce za a kwashe littattafan laburare na kwamfuta kaf, daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa. Wata uku Shugabar laburare da ma'aikatanta suna fama, ranar Litinin suka gama. Ba abin da ya ɓata.

Talata Farfesa ya duba, adadin yana nan inda yake. Laraba ma haka. Ran Alhamis shayin ya huce bai taɓa shi ba. Ga shi mako mai zuwa za a zaɓi malamin da aka fi karanta aikinsa, har ya kai ɗinkin sabuwar riga wajen tela.

Ya faɗa ofishin Shugaba ko sallama babu.

"Kun toshe wa mutanena hanya!"

"Ranka ya daɗe, littafin yana nan, kowa zai iya buɗewa."

"To suna ina? Hassada ce, na san masu yi."

Ya rubuta takardar ƙorafi mai shafi tara, ya nemi a cire Shugaba daga kujerarta, a dawo da tsohuwar manhaja. Aka kafa kwamiti. Shugaba ta kasa cin abinci, ta binciki sabuwar manhajar ciki da bai, ba ta ga laifinta ba. Da dabara ta ƙare mata, ta aika a kirawo tsohon injiniyan da ya ɗora tsohuwar, wanda ya yi ritaya ya koma kiwon kaji.

Farfesa ya gayyato malaman sashensa duka su zo su shaida. Ɗakin taro ya cika, wasu a tsaye. Ya miƙe ya yi jawabin minti ashirin a kan yadda ake danne ilimi, sannan ya juya ga tsohon.

"Baba, faɗa musu gaskiya, kada ka ji tsoron kowa. Ina masu karatuna suka shiga?"

Tsohon ya gyara tabarau, ya matso kusa da allon kwamfutar da aka kunna masa, ya karanta sunan littafin. Sai fuskarsa ta washe kamar ya ga tsohon aboki.

"Af, ashe naka ne! Ai tsohuwar manhajar tana yawan sumewa, shi ne na saita ta ta riƙa buɗe littafi ɗaya kowace awa don mu san tana da rai. Na zaɓi wannan ne saboda shi kaɗai ne ba wanda ya taɓa buɗewa."