Hannun Marini Ranar Suna

Ke da kike dirje fuskarki da kowane sabulu mai kaifi, zauna ki ji misalin wani tsohon marini.

Tun da matarsa ta rasu, aure kuma ya kai 'yarsa tilo birni, ba shi da abokin hira. Daga karofi sai ɗaki, ya ci tuwon saye shi kaɗai, ya ja ƙofa. Ran nan saƙo ya zo cewa 'yar ta haifi namiji. Murna ta hana shi zama, don rabon da ya riƙe ɗan mutum a hannunsa har ya manta. Sai kuma ya dubi hannuwan, shuɗi har gwiwar hannu, kunya ta kama shi. Waɗannan hannuwan zai miƙa wa surukai 'yan birni? Ya jiƙa toka da kanwa, ya samo dutsen goge kaushi, safe da yamma yana dirza sai ka ce mai wankin tukunya. Man kaɗanyar da ya saba shafawa ma ya daina, wai shi ke riƙe shuni. Bawan Allah bai san fata tana da ɗan tsami nata haɗe da maiƙo ba, wanda ke tsare damshin jiki, ya tare ƙwayoyin cuta a waje. Kanwa kuwa kin san aikinta a miyar yakuwa: kashe tsami. Shuɗin bai gama fita ba fatar ta tsattsage, ta kumbura, ta fara ruwa.

Ranar suna ya isa da hannuwa naɗe cikin tsumma, ya tarar sunansa aka raɗa wa yaron. 'Yar ta fito da jinjirin tana fara'a, tana ganin tsumman ta tsaya cak.

"Haba Baba, me ka yi wa kanka? Ai da hannun nan mai shuɗi ka raine ni."

Ungozoma ta ce ba a ɗora ɗanyen jariri a kan miki. Ya leƙa fuskar takwaransa daga tsaye, ya sa masa albarka, ya kama hanyar tasha tun ba a raba naman suna ba. A cikin mota babu wanda ya san shi, sai ya bar hawayen suka zubo, ga shi ko hannun share su babu.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.