Man da Aka Tatso Daga Kwal

"Ina man cikin kwalbar nan?" na tambayi matata.

Ɗanmu ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana niƙa kwal marar daraja, yana dafa shi da iskar haidurojin da sinadarin zaburarwa a tukunyar ƙarfe, har ya zama man mota. Kwalba ɗaya ya samu, ya ba ni ajiya. Yau masu wata masana'anta za su gwada man, su ɗauki yaron aiki ko su sallame shi.

"Au, ba kananzir ba ne?" Ta nuna murhu, garwashi ya yi jawur. "Malam, daina hararata. Kwal ɗin nan bai taɓa kamawa da ashana ɗaya ba sai yau. Ka ce masa ya ƙaro."