Koriyar Fitila

Sau uku Usaina tana kai wa Dakta Maharazu takardar kammala aikinta na digiri, sau uku yana turo mata ita ba tare da ya cire murfin biro ba.

Shi ke koyar da gwajin na'urorin asibiti a jami'a, kuma ɗalibai sun daɗe da laƙaba masa Malam Sai-An-Gwada. Samun sa hannunsa ya fi cin jarrabawa wuya. In bai sa mata ba kafin ƙarshen wata, sai ta maimaita shekara.

Abin da ta ƙera ɗan akwati ne, bai fi sabulun wanki girma ba. Ana maƙala shi a bakin na'urar da ke ba majinyaci iskar oksijin, da zarar iskar ta yi rauni sai ya kama ƙara. A ɗakin gwaji ya yi aiki sau hamsin.

"Ɗakin gwaji akwai esi mai sanyaya shi," in ji shi. "Ran Asabar za mu je garinku."

Ba ta tuna ta taɓa faɗa masa garinsu ba, amma ta ɗauka a fayil ya gani.

Duk wanda ya ji sunan Usaina ya san akwai Hassana. Tata Hassanar kwana tara ta yi a duniya. Ta rasu a ƙaramin asibitin ƙauyensu da ke bayan Bunkure, da robar iska a hancinta. Mutanen gari suka ce sakacin nas ne, wata Lai'atu da ta zo aiki daga Filato. Shekara ashirin da biyu mahaifin Usaina, Malam Baballe, bai amsa gaisuwar matar nan ba. Usaina ma da wannan haushin ta tashi, shi ne kuma ya kai ta wannan karatu.

Ran Asabar suka bi titin Zariya da hantsi. Kaka ce, an yanke shinkafa, buhuna jingim a gefen hanya. Da suka wuce Kura, kafin ta buɗe baki ya karya kan mota ta gadar babbar kwata, ya kauce wa ramin da ke bayan gadar.

Lai'atu ta fito ta tarbe su. Ta tsufa, kanta duk furfura. "Dakta, bana ka zo da wuri," ta ce. Ta dubi Usaina, ta sunkuyar da kai. Usaina ta gaishe ta ciki-ciki.

"Sista, a fito mana da tsohuwar," in ji shi.

Aka gunguro wata na'ura daga sito. Ta tsufa, amma ba ƙura ko ɗaya a jikinta, da gani akwai mai kula da ita. Ya ajiye ta gindin tagar ɗakin jarirai, ya kunna. Wata koriyar fitila ta kama a gabanta, alamar komai lafiya. Usaina ta maƙala akwatinta. Suka zauna.

Awa ɗaya, akwatin bai yi ƙara ba. Ta fara tunanin wulaƙanta ta kawai ya zo yi a gaban wannan matar.

Can sai injin casar shinkafa da ke bayan katanga ya tashi. Ƙurar buntu ta fara shigowa ta taga, laushi kamar gari, tana sauka a kan gado da mayafin Usaina. Dakta ya gyara zama. Idonsa na kan fitilar.

Gab da la'asar akwatin ya tsala ƙara. Usaina ta duba lambar da ke jikinsa: iskar ta faɗi ƙasa da rabi. Ta dubi na'urar. Fitila tana nan koriya shar.

"Haka take ran nan," in ji Lai'atu a hankali. "Ban matsa ko nan da can ba. Ina kallon fitilar, tana cewa lafiya, yarinya kuma tana tafiya a hannuna."

Usaina ta taso daga inda take zaune. Ta durƙusa gaban matar da ta ƙi jini tun tana ƙarama, kuka ya ci ƙarfinta. "Mama, ki yafe mana." Lai'atu ta dafa kanta, ita ma hawaye take yi. Baƙin cikin shekara ashirin da biyu ne, ga shi ashe a kan mutumin da ba shi da laifi aka sauke shi.

Da Usaina ta natsu, ta juya wajen Dakta. "Malam, to wa ya ce na'urar nan ta dace da nan?"

"Wani ne da ya gwada ta a birni, a ɗaki mai sanyi, tagogi a rufe," ya ce. "Bai taɓa tambayar inda za a kai ta ba. Kawo takardarki."

Ya ɗora ta a kan gwiwarsa. Ya zana suna mai doguwar jela lanƙwasasshiya kamar lauje. Karo na farko ke nan da ta ga sa hannunsa. Ya miƙa mata ba tare da ya dube ta ba, ya ce zai je ya yi alwala.

Saura hoton matatar iska da za ta saka a rahoto. Ta juya na'urar, ta zare soson da buntu ya toshe. A ƙarƙashinsa akwai wata 'yar takarda da aka manna, ta yi ja don tsufa. An rubuta cewa an gwada, ta dace da aiki, ga kwanan wata na shekarar da aka haife su.

A ƙasa kuma ga doguwar jelar nan kamar lauje, irin wadda ko bushewa ba ta gama yi ba a takardar da ke hannunta.