Sunan da Sarki Bai Faɗa Ba

A zamanin nan sarki ba ya mutuwa duka. Ana ajiye muryarsa cikin wani akwati a zauren fada, ita ce kuma take zaɓen magaji. Mutane sun huta da tunani.

Ranar da aka tambayi muryar marigayi, ta yi ta yabon Mamuda, ƙaramin ɗansa. Da Waziri ya ambaci Ɗalhatu, ɗan fari, sai ta yi gyaran murya, ta yi shiru.

Waziri ya ce, "Ta ƙi shi ke nan."

Galadima ya ce, "Wane uba ke kiran sunan ɗan farinsa? Kunya ce, shi take so."

Mamuda ya raɗa wa wansa, "Yaya, kada ka damu, zan ba ka hakimci."

Ɗalhatu ya girma yana jin uban yana kiran Mamuda da sunansa, shi kuwa sai dai "kai". Da aka watse ba a daidaita ba, ya durƙusa gaban akwatin.

"Ranka ya daɗe, ni ne. Ni ka zaɓa ko shi?"

Muryar ta ce, "Ƙaninka ya ci abinci kuwa?"