Irin Latas ɗin Inna

Tun da ka ce kai gwanin tattali ne, bari ka ji inda tattali ya kai wani magidanci. Mahaifiyarsa ta rasu ba ta bar masa gona ba, ba ta bar masa ko akuya ba, sai 'yar kwalbar irin latas da fangali biyu a gindin rijiyar tsakar gida. Latas ɗin ba mai dunƙulewa ba ne. Ganyensa a sake yake, da ɗan ja-ja a gefe, in ka tsinki na waje yau, kafin ka waiwayo ya sake tohowa. Ita ma a hannun kakarta ta gaje shi, kuma duk garin babu mai irinsa sai gidan, har sunansa ya zama latas ɗin Inna. Ranar da aka kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli da tumatir da albasa, maƙwabta sai sun aiko da kwano. Tsohuwar tana da doka ɗaya. Idan zafi ya fara shigowa, takan zagaya ta zaɓi tushen da suka fi ƙoshi, waɗanda suka ƙi yin kara, ta ce na iri ne, kada wanda ya taɓa. Haka za a zuba musu ido yawu na tsinkewa, har su ga dama su yi fure. Ɗan nata tun yana yaro abin yake ci masa rai, don a ganinsa ɓarna ce tsagwaronta. Ka san latas da zarar ya miƙe ya yi kara, ganyensa ya yi ɗaci ke nan, in ka karya sai ka ga farin ruwa na tsatsowa. Kuma kowane fangali ba ya rasa 'yan gaggawa masu miƙewa tun sanyi bai wuce ba, waɗanda ba mai ci. Da lambun ya dawo hannunsa sai ya ce iri ai iri ne, don me za a bar mai daɗi ya tsufa a banza ga waɗanda sun riga sun lalace? Ya sa aka cinye masu kyan har tushe, ya karkaɗe irin 'yan gaggawa. Kwalba ta cika da wuri fiye da kowace shekara, ya yi ta yaba wa kansa, wai tsofaffi akwai son wahalar da kai.

Da shekara ta zagayo, rabin lambun ya yi kara tun ana kwana da bargo. Ya ce laifin taki ne. Wata shekarar ya ce ruwan rijiya ne ya canja, daga baya ya koma cewa bakin mutane ne. Kowa ya sha zargi sai hannunsa, wanda bai fasa ɗibar iri daga na farkon miƙewa ba. A ƙarshe latas ɗin ya zama da ya fitar da 'yan ganye sai ya zabura sama. Matarsa ta wanke da gishiri, ta ƙara ƙuli, ta matsa lemon tsami, ɗaci yana nan kamar an tauna maɗaci. Maƙwabta suka daina aiko da kwano. Sai a lokacin ya gane, ga shi tsohon irin ya daɗe da ƙarewa, kuma babu ƙofar da zai je ya roƙo. Baƙin ciki ya ishe shi, amma bai san ɗacin gaske ba sai ranar da autarsa, wadda ba ta tarar da kakarta a raye ba, ta kai loma baki ta tofar, ta dube shi ta ce, “Baba, wai dama wannan abin Inna take ba mutane suna yabonta?” Ya buɗe baki zai kare uwarsa, ya rasa ganye ɗaya da zai kafa shaida da shi.

Ya zaɓi masu gudu ya ce su haifa masa masu haƙuri. Ai Hausawa sun riga sun faɗa: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.